Idon da Aka Liƙa a Ƙarƙashin Babur

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a yankin nan namu, ɗan sanda ne, ba zan faɗi sunansa ba. Lokacin ana shirin mayar da mulki hannun farar hula, kowa bakinsa 'yanci, 'yanci. Amma ɓarayin babura sun hana 'yan kabu-kabu sakat tsakanin Gazawa da Gangara.

Sai aka kawo wata 'yar na'ura, ba ta kai akwatin ashana ba. A liƙa ta ƙarƙashin kujerar babur, duk inda babur ya nufa sai ɗigo ya nuna a allo cikin buro, wato ofishin 'yan sanda. Aka damƙa wa mutumin nan allon, aka ce ya tsare dukiyar talakawa. Amana ce fa!

Shi kuwa sai ya mayar da ita abin hira. Da la'asar ya zo fada wajen shayi yana cewa wane ya je taron jam'iyya kaza, wane ya tsaya ƙofar wane. Ku kuma kuna dariya. E, ku! Har da masu ƙara masa shayi. Wa ya taɓa tambayarsa wanda ya ba shi izinin bin mutumin da bai saci komai ba? Ko mutum ɗaya babu.

Wata rana ya ce babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, Hamidu, kowace ranar kasuwa yana wuni ƙofar Ummuhani, matar da ke takaba. Kafin sati, matar Hamidu ta yi yaji, Ummuhani ta kasa ko leƙa zaure don kunya. Alhali ƙanen Ummuhani ne ke aron babur ɗin yana kai mata hatsi. Haba jama'a! A garuruwan nan akwai babur ɗin da mutum ɗaya ke hawa? Na'ura ƙarfe take gani, ba ta san wanda ke kai ba. Hamidu ya je buro, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo aka ce ka bi ko ni?" Mutumin ya kore shi.

Daga nan 'yan kabu-kabu suka fara ɓamɓare na'urorin a ɓoye. Don kada ɗigo ya tsaya a gane, sai su ɗaura su jikin amalanken jaki.

To, mutumin nan yana da ƙane, Tanimu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ɗan kabu-kabu. Wata safiya Tanimu ya kai fasinja ƙauye, har azahar bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Uwarsu ta aiko. Mutumin ya ce ta kwantar da hankalinta, ga ɗigon nan yana tafiya sannu a hanyar Agye. Ya ɗauki mota ya bi. Me ya tarar? Jaki da lodin karan dawa.

Ashe ƙanensa ma tsoron idonsa yake.

Tanimu yana wata hanya daban, ya faɗa kwazazzabo, babur ya danne shi. Makiyaya ne suka tsinci gawarsa a rana ta uku. Da na'urar tana inda aka liƙa ta, da kafin la'asar an kai gare shi. Aka yi bincike, aka tuɓe wa mutumin kaki. Uwarsa har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunansa ba.

Wallahi abin yana ƙona mini rai. Allah ya hana mu leƙen asirin juna, mun sani tun muna makarantar allo. Hukuma ta bi ɓarawo, wannan aikinta ne. Amma wanda ya mayar da tsaro leƙe, ranar da zai nemi nasa ba zai gan shi ba. Ku da kuka ba shi kunne kuma, kada wanda ya ce hannunsa a wanke yake.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu da tona na wani. Amin.