Goron da Nomau Ya Ƙi Ci

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin tafki, tun zamanin da ba a san mota ba. Sunansa Nomau, masaƙi ne, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Gaskiyarsa kawai aka sani. Shi ya sa lokacin da fari ya ƙone gonaki, dattawa suka aike shi wurin sarkin wata babbar ƙasa ya roƙo hatsi.

To ku saurara. Garin nan yana da doka tun kafuwarsa: tafki na kowa ne. Mai gari bai isa ya bayar da shi ba, dattawa ba su isa ba, sai an tara jama'a, maza da mata, sun ce sun yarda. Kuma a lokacin ba a sa hannu, goro ake rabawa. In manzo ya ci ɓari, sarki ya ci ɓari, magana ta hau kan gari duka.

Sarki ya karɓe shi da mutunci, ya ce, "Hatsi za ku samu har ku ture. Amma daga bana tafkinku ya dawo ƙarƙashina, ni zan faɗi mai shayarwa da mai kamun kifi." Ya ɓare goro ya miƙa masa.

Nomau ya dubi goron. Ya tuna matarsa Tabawa, da ya baro tana dafa wa yara ganyen tafasa tsura. Wallahi ya so ya ci. Ni da ku, da mun tauna tun sarki bai rufe baki ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, roƙo aka aiko ni, ba bayarwa ba. Tafkin ba nawa ba ne."

Sarki ya ce, "Ai kai ne bakinsu."

"Bakinsu ne, ranka ya daɗe, amma iyakar abin da suka sa mini. A bar ni in koma in tambaye su."

Ya koma da jakuna ba kaya. Zagi kam ya sha shi. Tabawa ta ce, "Malam, goro guda ne ya gagare ka?" Aka tara jama'a, aka yi ta ja, aka tsaya a kan dabbobin sarki su sha da rani, amma tafki na gari ne. Aka kai wa sarki amsa, ya yarda, amma ya rage hatsin. Kafin hatsin ya iso, Nomau ya binne ƙaramar 'yarsa. Abin ya ci shi har ya mutu. Babu wanda ya taɓa ce masa ya kyauta, shi ma bai nema ba.

Jama'a, wakili ba ya bayar da abin da ba a ba shi ba, ko da zuciyarsa na ƙuna. Shugaban da ya fita waje ƙulla yarjejeniya, tsarin mulkin ƙasarsa yana sama da sa hannunsa, ya dawo ya tambayi masu ƙasa. Kada ku ce wannan na manya ne. Kai da gonar gado take hannunka, kana ciniki ƙannenka ba su sani ba, da kai nake. Je ka tambaye su yau, ko da mai sayen zai tafi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.