Simintin Tsakar Gidan Malam Sambo

Malam Sambo tsohon ma'aikacin gwamnati ne a Badarawa. Ba mugu ba ne, sai dai yana da hali ɗaya: in mace ce ta kawo shawara, ba ya ko bari ta kai ƙarshe. Matarsa Maimuna ta sha fama da wannan hali.

Da ya yi ritaya, sai ya ce zai sare mangwaron tsakar gida ya malale ko'ina da siminti, kamar gidajen abokan aikinsa.

"Malam, ka bar ƙasar nan," in ji Maimuna. "Ni ke sharar gidan nan, na san inda ruwa yake kwanciya. Ruwan yanzu ba irin na da ba ne, a awa ɗaya yake zubar da na mako guda. In ka rufe ƙasa, ina zai shiga?"

"Ke me kika sani game da gini? Je ki ji da tukunyarki."

Haka aka yi. Da bazara siminti ya ɗau zafi har tsakar gida ba ta takuwa.

Wata Laraba cikin Agusta, bayan azahar, aka kece da ruwa. Kai, ruwan nan! Ya rasa inda zai nutse, ya cika tsakar gida, ya gangara ɗakin Maimuna. Bangon na ƙasa ne, ya jiƙe ya faɗo mata a ƙafa.

Daga asibiti 'yarsu Nafisat ta wuce da ita gidanta a Abakpa. Malam Sambo ya sa aka tayar da bango, ya je ɗaukarta.

"Na gyara ɗakin, ki dawo."

"Kafin ka gyara, Malam, ka tambaye ni yadda za a yi?"

Ko a ransa bai kawo ya tambaye ta ba. Ta ja gyalenta ta juya fuska.

Yau wata bakwai ke nan ba ta dawo ba. Kullum ya dawo daga masallaci sai ya yi sallama a ƙofar gidansa, ba mai amsawa. Wallahi ko ni in na gan shi sai tausayi ya kama ni.

Darasi: yanayi ya canza, kuma mata ne ke fara ganin alamunsa, su da ke shara da ɗibar ruwa da girki. Wanda ya raina saninsu don su mata ne zai yi asarar muhallinsa, wataƙila har da mai amsa masa sallama.