Ladingo da Tulun Man Inna Kififiya

Dalilin da ya sa ƙananan kifayen teku, irin waɗanda kuke lashe gwangwaninsu, suke da maiƙo haka, kuma ba a gane namiji da mace a cikinsu, ku matso ku ji. Abin da ban haushi.

A da can, kowane kifi sai ya je wurin Inna Kififiya mai kitso. Ba kitson kai take yi ba. Wani siririn zare take kitsewa a can cikin jiki, shi ke sa kifi ya zama yadda yake. In ta gama na ciki sai ta yi alamar waje, namiji zanko, mace kwalli, sannan ta shafa wa kifi mai daga tulunta don ya jure sanyin teku. Layin maza daban, na mata daban.

Wata shekara sanyi ya matso. Ladingo, wata 'yar firit ɗin kifi, tana layin mata. An yi wa danginta kitson ciki, saura alama da mai. Jikinsu duk ƙaya, ƙannenta har sun fara karkarwa. Sai ga Giwan Ruwa ya taho yana tura tumbi, ya wuce kowa.

"Innaaa," ya ce, murya kamar daga cikin rijiya, "a ɗan ƙara mini a wuya. Na jiya bai shiga ba."

"An gama, ranka ya daɗe!" in ji Inna.

Ladingo ta leƙa tulun, ta ga man ya kusa ƙarewa. In ya ƙare, ƙannenta ba za su kai bazara ba.

"Haba Inna! Jiya shi, shekaranjiya shi. Dubi wuyan nan, ina za a sa wani mai?"

"Ke, rufe min baki! Babba na gaba kina magana?"

Ran Ladingo ya ɓaci. Ta yi abin da ba a taɓa yi ba, ta tsallaka zuwa layin maza, wurin mazan danginta.

"Ku kuma kun tsaya kamar an dasa ku! Ku zo mu haɗu mu je gaba."

"Ai ba a haɗa layi, Ladingo," in ji wani, yana kallon ƙasa.

"To ku mutu a layi, a binne ku a layi!"

Kunya ta kama su. Maza da mata suka cakuɗe, suka dunƙule wuri ɗaya, suka nufo tulun. Giwan Ruwa ya waiwaya ya ga wani baƙin abu da ya fi shi girma.

"Wayyo Innaaa, dodo!"

Ya zabura, jelarsa ta daki tulun, ƙwas! Mai ya watsu. Ƙananan kifayen suka faɗa ciki, suka sha, suka yi wanka, har ya ratsa tsokarsu.

Inna ta dafe ƙirji. "Kun haɗa mini layi? To ba zanko, ba kwalli! Ku tafi haka. Ko uwarku ba za ta bambance ku ba."

"Shi da ya fasa tulun fa?" in ji Ladingo.

"Shi babba ne."

Kun ji fa! Shi babba ne.

Ƙannen Ladingo dai sun tsira, ko ɗaya sanyi bai ɗauka ba. Sai dai man nan ya sa namansu ya yi daɗi, har labari ya kai ga masunta.

Shi ya sa har yau suke yawo a dunƙule, maza da mata duk kama ɗaya, masu bincike har tsefe kitson cikin suke yi a ɗakin gwaji don su gano abin da ya raba namiji da mace. Kuma in an kama jikokin Ladingo an jera su a gwangwani, don cin fuska, sai a ƙara musu mai.