Gilashin Abdulwahabu Ba Ya Ƙarya

Akwai wani mai zanen talla a Dogon Dutsi, sunansa Abdulwahabu. Hannunsa na da kyau, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Da zai sayi gilashin kwamfuta, bai tambayi komai ba sai wanda ya fi girma da ƙyalli. Ya kafa shi yana fuskantar titi, ya ƙure haskensa, don mai wucewa ya san an zo.

Gilbert, abokin karatunsa da ke wannan sana'a, ya leƙo taya murna.

"Abokina, launinsa ya karkata ga shuɗi. Ina da na'urar daidaita launi, in ara maka?"

Abdulwahabu ya taɓe baki. "Sanda ta makaho ce, Gilbert. Ni idona ya ishe ni."

Ana nan sai Hajiya Basira, shugabar matan garin Dumega masu tatsar man gyaɗa, ta kawo aiki. Za su baje koli a Yamai karo na farko, suna son takardun liƙawa a kwalabe. Ya zana mata kwalba tana walƙiya kamar zinariya. Ta ce a buga guda ɗaya tukuna a gani.

"Hajiya, ke tatsi mai, ki bar mini launi," in ji shi, ko kallonta bai yi ba. Ya aika aka buga duka.

Abin da bai sani ba, gilashin yana ƙara haske da shuɗi, shi kuwa yana ta rage haske yana zuba rawaya don ya gyara. Da takardun suka fito daga maɗaba'a, man gyaɗa ya koma kalar tsohon man inji. Wa zai zuba wannan a tukunya?

Maimakon ya yi shiru, sai ya tafi ya jawo Hakim mai maɗaba'a har shagonsa, yana ihu jama'a na biye.

"Ku dubi aikina! Wannan jakin ne ya ɓata shi!"

Don ya ƙure shi, ya buɗe farin shafi a kwamfuta, ya fizgi farar takarda ya kara a jikin gilashin. Takarda fara tas. Gilashi kuwa shuɗi, kamar rigar da ta sha bula.

Wani mai kabu-kabu ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Abdulwahabu ya tsaya da takarda a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

Hajiya Basira ba ta yi dariya ba. Motar Yamai jibi za ta tashi. Ta juya ga Hakim ta ce, "Ɗana, akwai wani mai zane a garin ga?"

Darasi: Wanda ya ƙi a auna shi a ɗaki, za a auna shi a bainar jama'a, kuma sau da yawa wasu ke shan wahalar girman kansa. Ka tura wa duk wanda kake so ya tsira da mutuncinsa.