Teburin Kafinta da Ruwan Sabulu

Akwai wata mata mai sayar da kayan gwanjo, ana ce mata Ba Ragi. Abin da ta rasa shi ne aikin ƙarshe da hannun mijinta ya yi. Abin da ta samu kuwa, fili a ɗakin baya.

Mijin nata kafinta ne. Duk Asabar da yamma abokansa uku, Tela da Direba da wani Nas na asibiti, sukan zauna a wannan ɗaki su yi wasan labari. Shi ke ba da labarin, kowannensu na da mutuminsa a ciki, sai a jefa ɗan ludo a ga ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. Shekara da shekaru labari ɗaya suke ja.

Ba sa rubuta komai. Teburin da ke ɗakin ne ke riƙe musu inda aka tsaya. A kansa ya zana gari da kogi da daji da fenti, ya sassaƙa ƙananan mutane na katako. In an tashi, kowane yana nan inda aka bar shi, da alamar alli a gefensa: wane ya ji rauni, wane ya yi alkawari, wane ake nema. Sai ya lulluɓe da zani har wani mako.

Ita dai shayi take kai musu, ta ajiye da ƙarfi.

"Gemu-gemu da ku, kuna wasan 'yartsana."

Da kafintan ya rasu, aka kwana biyu, sai Tela ya zo da sallama.

"Yaya, teburin nan muke so. Mu ƙarasa masa labarinsa."

"Taya."

"Haba Yaya, tsakaninmu?"

"Tsakaninmu shayi na sha dafa muku, ban ga wanda ya taɓa kawo sukari ba. Taya."

Ya taya. Ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. A ranta ta ce mai son abinka ya fi ka dabara, amma ba a kan Ba Ragi ba. Ta yanka kuɗin da sai sun haɗa albashi.

"To, bari in ɗauki hotonsa a waya, kafin mu haɗo."

Ta tare ƙofa da jikinta.

"Hoto rabin kaya ne. In ka ɗauka, me zan sayar maka? Kallo ma sai an biya."

"Don Allah dai kada a taɓa shi."

"Ni za ka koya wa ajiyar kaya?"

A sana'arta abu ɗaya ta sani: kaya wankakke ya fi mai datti daraja ninki biyu. Ana gobe za su zo, ta yaye zanin. Ta ga ƙura, ta ga zane-zanen alli kamar kaji sun yi tono. Ta kwashe mutanen katakon ta wanke su tas, ta jera a tire, manya gaba, ƙanana baya. Ta bi teburin da ruwan sabulu, ta goge da mai har yana ɗaukar ido. Ta ja baya ta duba, ta ce yanzu ma sai sun ƙara.

Suka zo su uku da kuɗinsu a hannu. Ta buɗe ɗaki tana taƙama.

Suka leƙa, suka ga teburin. Direba ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai.

"Me ya faru? Sabo fil na mayar muku da shi."

"Yaya," in ji Nas, "mu ba katako muka zo saya ba."

Tela ya sa hannu a tire ya ɗauko wata 'yar mace da kwano a ka.

"Kin san wannan? Mai gwanjon garin ce. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa samun ragi a wurinta. In zai yi maganarta, muryarki yake yi, har harararki. Asabar ɗin ƙarshe ya ɗauke ta daga kasuwa, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye ta wani wuri, ya yi mata alama. Ya ce mako mai zuwa za mu ga wurin wa za ta."

Ta matso kusa da shi.

"Ina ya ajiye ta?"

"A kan gada."

"Wace gada?" in ji Direba. "Ƙofar gari ce, ina kallo."

"Kai da kake gyangyaɗi?"

Suka dubi Nas. Ya ce shi ranar an kira shi aiki, bai kai ƙarshe ba.

Ta karɓi 'yar katakon ta ɗora a gada. Ta ɗauke ta, ta mayar ƙofar gari. Teburin sai sheƙi yake, bai ce mata komai ba.

"Ku kawo rabi," ta ce. Kalmar da ba ta taɓa fita bakinta ba.

Tela ya ce, "Ki bar shi, Yaya. Allah ya ji ƙansa."

Suka fita. Ba su ƙara haɗuwa ranar Asabar ba.

Teburin ya daɗe a ƙofar shagonta, rana na dukansa, zanen kogin na tashi. Ran nan wani mai wanki da guga ya tsaya, ya ƙwanƙwasa shi, ya girgiza ƙafafunsa.

"Zai yi guga. Amma wannan zanen sai na kankare. Nawa, Mama?"

Maƙwabtanta suka matso don su sha kallon ciniki. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kuɗin katakon kawai. Na sallama."

Darasi: Ba kowane kaya ne darajarsa ke cikin sheƙinsa ba. In mai abu ya ce kada ka taɓa, tambaye shi dalili kafin ka nuna gwaninta, kuma kada son riba ya sa ka hana mutum abin da ba zai rage ka da komai ba. Ku tura wa wanda kuka san bakinsa ya fi kunnensa aiki.