Saƙonnin Baba da Auta Ya Goge

Akwai wani kafinta mai i'ina da Allah ya ba 'ya'ya biyu, mace da namiji. Macen ta fito da bakinta garau. Namijin kuwa, wanda kowa ke kira Auta, shi ya kwaso harshen ubansa kaf.

Auta yana aji uku aka kira babansa gyaran bencina a makarantarsu. Ya shigo da guduma a hannu, ya tsaya zai gaida malami, sai kalma ta maƙale masa. Yara suka fashe da dariya, wani ya ce, "Kai, ashe gado ne!"

Jama'a, daga ranar nan Auta ya ɗora wa ubansa laifin da ba shi ya yi ba. Ya daina zuwa shagon babansa. In suka haɗu a hanya yana tare da abokai, sai ya sunkuya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Da ya girma ya koyi dabaru. Kalmar da ya san za ta kama shi, sai ya musanya ta da wata. In an yi tambaya, ya amsa da ka. Ya samu aikin kwamfuta a wani gari, a ofis aka ɗauke shi miskili, shi kuwa tsoro ne fal cikinsa.

Baba bai iya rubutu a waya ba, saƙon murya yake turo masa. Auta zai danna, ya ji "A-a-auta, ka-kana lafiya?" sai ya ji kamar nasa bakin ake nuna masa. Nan take ya goge, ya rubuta wa yayarsa: "Me Baba yake so?"

Rannan ta gaji ta kira shi.

"Auta, ba abin da yake so sai kai. Minti biyu ne fa, ba za ka mutu ba."

"Yaya, aiki ya yi mini yawa."

"To, sannu manaja. Allah ya rage aiki."

Haka aka kwashe shekara shida, har Baba ya kwanta jinyar kwana uku ya rasu.

Bayan wata huɗu aka tilasta wa Auta yin bayani a taron ofis, babu hanyar zillewa. Yana tsaka da magana harshe ya ƙi. Ya runtse ido yana jiran dariya. Ba wanda ya yi dariya. Ogansu ya ce, "Bi a hankali, muna jinka." Suka jira shi har ya kai ƙarshe, aka ci gaba da taro kamar ba a yi komai ba.

Wallahi shi ke nan fa abin da ya yi shekara talatin yana gudu! Ya fito, ba wanda yake son gaya wa sai mutum ɗaya, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya binciki wayarsa ko saƙo ɗaya ya tsira, babu. Ya je gida ya ɗauko tsohuwar wayar Baba, mai gyara ya juya ta ya ce wannan kam ta gama yawo. Ya koma wa yayarsa.

"Yaya, ke ba ki da muryarsa ko ɗaya?"

"Ni kullum muna tare, me zai turo mini?" Sannan ta ƙara da cewa, "Ka san yadda yake yin saƙon nan? Sai ya kashe inji, ya rufe ƙofar shago. Ya ɗauka, ya saurara, ya goge, ya sake. Wani lokaci sau bakwai. Na ce Baba wahalar ta mene ce? Ya ce, 'Auta ba ya son jin i'ina, bari in rage masa.'"

Allah sarki. Ashe Baba ya sani. Auta ya zauna a ƙasa ya yi kukan da ko ranar rasuwar bai yi irinsa ba.

Darasi: Wanda ya ƙi jinin halittarsa, masu ƙaunarsa yake fara hukuntawa. Ka karɓi kanka tun masu jiranka suna raye. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai saƙon da bai buɗe ba har yanzu.