Fom ɗin da ya ƙi tsofaffi

Akwai wani mai gina shafukan intanet da abokan aikinsa suke kira Injiniya. Ya iya aikinsa, wannan babu mai musu, sai dai ya san ya iya, kuma nan ne matsalar take. Ba ya son a duba masa aiki. Idan ya gama abu, to a wurinsa ya kammalu ke nan, duk wanda ya ce a sake dubawa neman ɓata masa lokaci yake yi.

Yana aiki ne da wata ƙungiyar agaji, shi ke kula da manhajar da suke ɗora labarai da sanarwa a shafinsu. Wata shekara ƙungiyar ta gayyato likitocin ido daga nesa don su yi wa mutane aiki kyauta. Guraben kaɗan ne, saboda haka aka ce kowa ya yi rajista ta shafin, kuma da sunayen da suka shiga likitocin za su shirya kayan aikinsu.

Injiniya ya ce fom na gama-gari ba ajinsa ba ne. Sai ya gina wani mai sauya kansa gwargwadon amsar da aka ba shi. Idan mutum ya ce ya haura shekara sittin, nan take sababbin tambayoyi su fito: wa zai rako ka, kana shan maganin hawan jini? Abin gwanin sha'awa. Amma ɓangaren da ke ajiye amsoshi, tsofaffin tambayoyin kawai ya sani, duk rajistar da ta zo da ƙari sai ya watsar da ita. Injiniya bai lura ba, domin duk gwajin da ya yi, shekarunsa yake sakawa. Kuma don shafin ya yi sauri, ya sa da an danna maɓallin aikawa sai saƙo ya fito cewa an karɓa, ba tare da jiran tabbaci daga ma'ajiyar ba.

Abokiyar aikinsa, wadda gwada shafi kafin a sake shi ne aikinta, ta leƙo ta saman kwamfutarsa.

"Injiniya, ka turo min fom ɗin nan in zagaya shi mana."

"Na riga na gwada."

"A matsayin wa ka gwada? Ni so nake in shiga a tsohuwa, in shiga a yaro, in ga abin da zai yi."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai kina son wasan kwaikwayo. Jama'a na jira, yau zan sake shi."

Ya kuwa sake shi.

A gida Injiniya yana da Goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. Cutar yanar ido ta rufe mata idanu har ta kai ba ta gane mutum sai da murya. Shi da kansa ya zauna kusa da ita ya cike mata fom ɗin a wayarsa, ya karanta mata saƙon da ya fito.

"An karɓa, Goggo."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kai ka rubuta, kai ka karɓa, ina sauran fargaba?"

Daga ranar Goggo ta hana maƙwabta sakat. Duk tsohuwar da ta shigo gaishe ta sai ta ji cewa ɗanta ne ya ƙera abin rajistar, Goggo kuma ta sa jikokinsu su cike musu.

Ranar aiki Injiniya ya kai ta asibitin, ya zaunar da ita a benci cikin ƙawayenta, ya wuce ciki yana gaisawa da mutane. Ma'aikaciyar jinya ta fara kiran suna. Masu ƙarfi a jika suna ta tashi suna shiga, tsofaffi suna zaune da sandunansu a tsakanin gwiwoyi. Rana ta take, ba a kira ko ɗaya daga cikinsu ba. Wani dattijo ya miƙa wayar jikansa yana cewa, "'Yata, duba mana, ai an ce an karɓa."

Shugabar ƙungiya ta sa aka kira Injiniya. Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin rajista yana cewa wataƙila mutanen ne ba su iya cikewa ba. Ya nemi sunan Goggo, wanda ya rubuta da hannunsa. Babu shi. Ya tace sunayen da shekaru, babu mutum ɗaya da ya haura sittin. Guraben sun riga sun cika, kayan likitocin a ƙirge suke, kuma ba za su dawo ba sai wata shekarar.

Shugabar ta ce, "Ni ba zan iya fuskantarsu ba. Kai za ka fita ka gaya musu."

Ya tsaya a gaban bencin, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi bayani, ya ce laifin wanda ya gina fom ɗin ne, sai ya kasa ƙarasawa. Wata tsohuwa ta tambaya, "Wane ne shi, wannan mai ginin?"

Goggo ce ta amsa, a hankali. "Ɗana ne. Shi ne yake muku magana. Ku yi haƙuri, ni na sa ku."

Wannan haƙurin da ta bayar a madadinsa ya fi masa zagi ciwo. A hanyar gida Goggo ba ta yi masa faɗa ba. Da suka iso ƙofar gida ya saki hannunta zai buɗe, sai ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe.

"Kada ka sake ni, ɗan nan. Sai baɗi zan iya shiga ni kaɗai."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya yi abu don jama'a, kada ya auna shi da kansa kaɗai, domin ba kowa ne irinsa ba. Ya bari wani ya duba masa, hakan bai rage masa ƙwarewa ba. Kuma kada ya ce wa mutane an karɓa alhali bai tabbatar ba. Gwajin da Injiniya ya raina bai kai yini guda ba, amma Goggo da ƙawayenta shekara suka ƙara a cikin duhu.